ƘURA DA HAYAƘIN DA MUKE SHAƘA: AN AUNA SU, GA ABIN DA AWO YA NUNA



Duk shekara in an gama kai amfani gida, sai iska ta juya. Ta bar zuwa daga yamma, ta koma fitowa daga arewa maso gabas. Sanyi ya shigo, hazo ya biyo shi. Rana ta yi fari kamar faifai, har mutum ya dube ta ido da ido. Daga Dakoro zuwa Kornaka, daga Sakabal zuwa Birnin Lalle, kowa ya san wannan lokaci. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su dinga haɓo, tari ya cika gida. Mun saba cewa, ai hunturu ne. Gaskiya ne hunturu ne. Amma mi ke cikin iskar? Daga ina yake fitowa? Akwai mutanen da aikinsu ke nan, auna ƙurar da ke cikin iska kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Bari mu ji abin da suka gano, don wani sashe nasa ya shafi gonarmu da murhunmu.

BABBA DA ƘARAMA

Ƙura ba iri ɗaya ba ce. Akwai rairayi, wanda ke dukan ƙafa, ya shiga ido, ya faɗi nan kusa. Wannan ba ya nisa. Akwai wadda ke shiga hanci, mu fyace ta da majina. Sannan akwai ta uku, wadda ido ba ya gani ɗaya ɗaya. Ita ce abin tsoro.

Ku tsinko gashin kai ɗaya ku dube shi. Masana sun ba ƙurar da ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na kaurin gashin nan, ko ta kasa haka, suna PM10. Ita tana wuce hanci ta sauka ƙirji. Wadda ta fi ta ƙanƙanta, wadda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin gashin, suna ce mata PM2.5. Wannan tana kaiwa can ƙarshen huhu, inda numfashi ke gamuwa da jini. Tari ba ya fitar da ita duka. Hayaƙin itace kusan dukansa irin wannan ne.

Babban mutum yana shaƙar iskar da ta kai lita 10,000 a kwana ɗaya. Wato cikin tano 50 ke nan. Ruwan da za mu sha muna tace shi da ƙyalle. Iska kuwa ba mai tace ta sai hanci da huhu. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙosawa ba.

YADDA AKE AWO

Hanya ta farko ita ce ido. Ma'aikatan yanayi, irin waɗanda ke filin jirgin Maraɗi, suna da alamu da suka san nisansu: wani gini, wani itace, wani tudu. Lokaci lokaci su fita su duba wace alama ake gani, wace ce ta ɓace, su rubuta. In ba a ganin abin da ke kilomita ɗaya, ƙurar ta yi tsanani ƙwarai. An daɗe ana wannan rubutu a garuruwanmu, shekara da shekaru.

Hanya ta biyu ita ce tacewa. Inji yana zuƙo iska ta cikin wata ƴar takarda fara mai laushi. An auna nauyin takardar tun kafin a sa ta. In aka cire ta a sake aunawa. Abin da ya ƙaru, shi ne nauyin ƙurar. Sikelin ba irin na mahauta ba ne. Abin da yake ƙidayawa sunansa mikrogaram. In aka raba ƙwayar hatsi ɗaya tak kashi wajen dubu takwas, kashi ɗaya shi ne mikrogaram. Iskar kuma da mita ake auna ta: cikin akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Sai a ce mikrogaram kaza cikin akwati ɗaya.

A ƙasarmu akwai wurin da ya yi suna a duniya kan wannan aiki. Sunan ƙauyen Banizumbu, a ƙasar Zabarmawa, kamar kilomita 60 gabas da Yamai. A shekarar 2006 masu bincike na Nijar da na cibiyar IRD ta Faransa suka kafa na'ura can. Suka kafa irinta a Sinzana cikin Mali, da Mbur a bakin tekun Senegal, don su bi sawun ƙura daga gabas zuwa yamma. Na'urar tana da dabara. Cikinta akwai wani siririn bututun gilashi da ke kaɗawa ba tsayawa, da ƴar takardar tacewa a kansa. Ku tuna da karan hatsi a tsaye. In iska ta taɓa shi yana kaɗawa da sauri. In tsuntsu ya sauka kansa, sai ya yi nauyi, kaɗawar ta yi sanyi. Haka bututun yake. Duk ƙurar da ta sauka tana rage masa sauri, na'ura ta lissafa nauyin. Duk minti biyar tana rubutawa, dare da rana.

A Banizumbu ɗin akwai kuma wata na'ura mai bin rana, tana auna yawan hasken da ƙura ta tare. Daga sama kuwa tauraron ɗan adam yana ɗaukar hoto, ana ganin inda ƙura ta taso da inda ta nufa.

To, nawa ne ya yi yawa? Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ce wa OMS, ta sake ƙa'idarta a shekarar 2021. Ta ce PM10 kada ta wuce mikrogaram 45 cikin akwati ɗaya a yini, ƙaramar kuma kada ta wuce 15. A Banizumbu, lokacin rani, wuce 45 abu ne na yau da kullum. Akwai ranakun da awo ya haura 1,000. Ku lissafa da kanku ninki nawa ke nan.

BAƘUWAR ƘURA

Hazon da ke kwana biyu, kwana uku, ba iska ba motsi, yawancinsa baƙo ne. Mafi girman mahaifarsa wani kwari ne a arewacin Cadi, sunansa Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce, tafkin Cadi ya kai har can. Ruwa ya janye, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan. Kamar kwana 100 a shekara take yin haka. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya iso kanmu. Shi ya sa wani hazon fari ne fat, ga shi ƙasarmu ja ce.

Ba nan yake tsayawa ba. Masana na Amurka sun lissafa da tauraron ɗan adam, suka fitar a 2015 cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma duk shekara, ta hau teku. Wajen tan miliyan 27 tana sauka dajin Amazon, can Amurka ta Kudu, ta zama taki. Tsofaffinmu kan ce shekarar hazo shekarar albarka ce. Maganar ba ta rasa tushe ba, don hazon da ya sauka gona yana kawo ɗan abincin ƙasa. Sai dai huhu ba gona ba ne.

Ga wani abin lura. A tsibirin Barbados, can ƙetaren teku, ana tace iska ana auna ƙurar Afirka tun 1965. A farkon shekarun 1980 suka ga ta ninka kusan sau huɗu. Mu nan mun san dalili ba sai an faɗa mana ba. Farin 1973 ne da na 1984, shekarar ƴar Buhari. Ruwa ya ƙi, ciyawa ta ƙare, bisashe suka mutu, ƙasa ta zama tsirara. Yunwar da aka sha a Tarka, mutanen wata duniya sun gan ta a kan sikelinsu.

Wannan baƙuwar ƙura ba mai hana ta zuwa. Sai dai a kare kai.

ƘURAR GONARMU

Amma na'urar Banizumbu ta nuna wani abu kuma. Bayan hazon rani, akwai wata ƙura da ke tashi a watan Mayu da Yuni, gaban hadari. Mun san ta. Gabas ta yi ja, bango ya taso daga ƙasa har sama, kaji su shige akurki. Wani lokaci ruwa ya biyo, wani lokaci holoƙo ne kawai. Ba ta daɗewa, amma cikin wannan ɗan lokaci awo yana hawa fiye da kima. Ita wannan ba daga Cadi take ba. Gonarmu ce ke tashi.

Masu binciken sun kafa tarkon rairayi. Sanda ce a tsaye, da ƙananan akwatuna jere daga ƙasa zuwa sama, suna juyawa su fuskanci iska. Sun sa wasu a gonar da ake nomawa, wasu a saura. Bayan kowane hadari su juye su auna. Sai suka ga gonar da aka share ita ke asara, saura mai ciyawa da sabara ita ke kama abin da ya tashi. Abin da iska ke ɗauka ta yi nisa da shi kuwa shi ne mai laushi, laka da ruɓaɓɓen ganye, wato ƙarfin gonar. Rairayin banza take bar mana. Shi ma rairayin ba ya zama lafiya, shi ke yanke shibka ƴar kwana goma ko ya binne ta, a sake neman iri.

Sun auna maganin ma. A wani bincike da aka fitar a 2011, sun ga karan da ke kwance a gona, ko kilo 100 ne cikin eka ɗaya, yana rage ɓarnar ƙwarai. In ya kasa haka, iska ta samu hanya. Kilo 100, nauyin babban buhun hatsi ɗaya ke nan.

Na san abin da za ku ce. Kara yanzu kuɗi ne. Da shi ake danni, da shi ake dafuwa, shi tunkiya ke ci in rani ya yi nisa. Wanda ya bar nasa a gona, wani ya kwashe. Da can makiyayi kan sauka gona bayan girbi, shanu su ci ganye, su tattake karan, su bar taki. Yanzu kafin garke ya gangaro daga arewa an kwashe gona tas, an ɗora bisa itace ko an kai kasuwa, daga nan rigima ta tashi. Ni ban ce kowa ya bar karansa duka ba. Abin da nake ƙi shi ne wanda ke tattara ragowar a watan Afrilu ya cinna masa wuta, wai gona ta yi tsabta. Ya yi asara biyu. Ya shaƙi hayaƙi, ya kuma tuɓe wa gonarsa riga ana gobe iska za ta zo.

Itace ma haka. Sassaben zamani a jiharmu ta Maraɗi aka fara shi, wajen 1983, lokacin da wani ma'aikacin mishan mai suna Tony Rinaudo ya lura kututturen da ke gona ba matattu ba ne. A bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Daga baya hotunan sama suka nuna itatuwa sun dawo a kan eka wajen miliyan biyar a ƙasarmu. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, duk suna karya ƙarfin iska. Dashen ranar 3 ga Agusta yana da kyau, amma tsiron da ke cikin gonarka ya riga ya yi saiwa, ba ya son ban ruwa.

HAYAƘIN GIDA

Yaya ake gane wannan daga hamada yake, wannan daga murhu? Takardar tacewa ita ke ba da shaida. Ƙurar ƙasa tana barin ta ja ko fara. Hayaƙi yana mai da ta baƙa. A ɗakin bincike ana ƙara dubawa, a ga laka da ƙarfe na ƙasa, ko gawayi na wuta. Agogo ma shaida ne. In awo yana hawa da sassafe da kuma magariba, kullum kullum, to ba hamada ba ce, lokacin ɗora tukunya ne.

Daga 2015 zuwa 2017 an yi irin wannan awo a Abijan da Kwatano. An sa na'ura a bakin babbar hanyar motoci, an sa kusa da jujin da ake ƙonewa, an sa a unguwar Yopugon inda mata ke banda kifi da itace. Kowa zai ce motoci za su fi. A'a. Wurin matan nan shi ya fi, ninki da yawa.

Ba sai mun je Abijan ba. Ku shiga madafa ku ɗaga kai. Kunkunniyar da ta baƙanta azara da tanka, ita uwar gida ke shaƙa, da jinjirin da ke bayanta. OMS ta ƙidaya cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu yara fiye da 237,000 da ba su kai shekara biyar ba. Ciwon haƙarƙari ne ke ɗaukar yaran. Manya kuma fuka, da tarin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da yanar ido.

Lokacin ɗari abin ya fi muni. A hura wuta cikin ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ɗanyen itace, kara da kashin shanu sun fi busasshen itace hayaƙi. Mafi sharri ita ce leda. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin ledar nan da sayar da ita, amma ga ta nan a kan kowace ƙaya, kuma mata da yawa da ita suke kunna wuta don tana kamawa da sauri. Hayaƙinta guba ne. Gawayi kuwa in aka kwana da shi a rufaffen ɗaki, yana fitar da wata iska marar wari da ke kisa cikin barci.

Murhun zamani, Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, tun shekarun 1980 ake yaɗa su. Suna rage cin itace, wannan ba shakka. Amma kada a ɗauka sun kashe hayaƙi, rage shi suka yi. Gas shi ne mai tsabta, kuma tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 ana yin sa a gida. Sai dai a ƙauye, ina kuɗin tukunyar, ina wurin cikawa? Kafin a kai can, abin da ba ya cin ko dala shi ne: a yi dafuwa a waje ko a rumfa mai shan iska, a shanya itace ya bushe, a sauke goyo a ba wata ta riƙe nesa da murhu. Maigida, huda taga a madafa aikinka ne, ba na matarka ba.

A cikin gari akwai ƙari. Kabu-kabu da manyan motocin kasuwa suna tayar da ƙurar hanya, injin niƙa da janareta suna zuba nasu, ana ƙona juji da yamma. A daji kuma, arewa da Tarka, wajen Bermo da Gadabeji, gobara ce. Shekarar da ciyawa ta yi kyau, guntun taba ɗaya ko wutar shayi da ba a kashe ba ta isa ta cinye kiwon wata da watanni. Shi ya sa ake share hanyoyin tare wuta da zarar ciyawa ta bushe.

SANƘARAU

Dole a yi maganar sanƙarau. Ƙura ba ita ke haifar da shi ba, ƙwayar cuta ce da ke zaune a maƙogwaron mutane, tana yawo ta tari da atishawa. Amma kowa ya lura da lokacinsa: yana tasowa cikin rani, in ruwan fari ya sauka ya kwanta. Masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai sun gwada rubutun likita da rubutun yanayi na shekaru, suka ga ciwon yana ƙaruwa bayan ƙura da zafi mai tsanani. Busasshiyar iska da ƙura suna ƙuje cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu ƙofa ta shiga jini.

A 1996 ciwon ya kama mutum wajen 250,000 a Afirka, ya kashe 25,000. A watan Disamba na 2010 aka fara sabuwar allura a Nijar, Mali da Burkina Faso, ta karya irin da ake ce wa A. Amma a 2015 wani iri, mai suna C, ya kama kimanin mutum 8,500 a ƙasarmu, fiye da 500 suka rasu. Don haka in masu allura sun zo, a fito da kowa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, ko maɗigar jinjiri ta kumbura: a tafi likita a ranar, ko da dare ne. Haka yaron da ke numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa.

Ranar hazo mai kauri, tsoho da mai fuka da ƙaramin yaro su zauna ciki. A sha ruwa da yawa. A rufe randa da abinci. A yayyafa ruwa kafin shara. Amawalin da Buzaye ke ja bisa hanci yana tare babbar ƙura, ƙaramar kuwa tana ratsa ƙyalle, amma ya fi babu. Man kaɗanya a hanci yana hana bushewa da haɓo, ba allura ba ne.

AWON DA ZA MU IYA

Mu da muka koyi rubutu da lissafi, za mu iya namu awon. Kowace makarantar yaƙi da jahilci ta zaɓi alama uku: ɗaya kusa, ɗaya kamar taku dubu, ɗaya can nesa, kamar dogon ƙarfen salula ko wani babban gawo. Kowace safiya, lokaci ɗaya, mutum ɗaya ya duba ya rubuta kwanan wata da alamar da ya gani. A gefe a rubuta yara nawa ke tari a gari, nawa aka kai likita.

Sannan a samu farar takarda huɗu, a shafa musu ɗan man gyaɗa. A rataya ɗaya a madafa, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a bakin hanya, ɗaya a gona. Bayan kwana bakwai a kwaso su, a jera bisa tabarma, a rubuta sunan wurin a ƙarƙashin kowace. A kira mata da maza su zo su duba wace ce ja, wace ce baƙa. Littafin kuma a ajiye shi, in damina ta faɗi a nuna wa likita da malamin gona.